Lissafin da Aka Bari a Allona

Litinin na zo buɗe ajina a Rigasa,
na tarar ba abin buɗewa, an ɓalle sakatar tun Asabar.
Benci uku an jere su bakin taga,
ledojin ruwa a ƙasa, ɓawon gyaɗa,
ga tabon tawada a kan teburina,
babban yatsan wani da ya gwada kafin ya dangwala.

Allon ma ba su goge ba.
Wani mai rubutun tsutsa ya bar mini:
Barau mai walda, ɗari biyu da sha ɗaya.
Lantana ta kemis, ɗari biyu da huɗu.
Lalatattu, sha tara.
An ce sauran akwatunan kunnen doki suka yi,
namu ne ya raba gardama.

Na ɗauki tsumma, sai hannuna ya tsaya.
Yara suka shigo, na ce yau ɗebewa za mu yi,
ga shi an yi mana tanadi.
Ladidi ta ɗaga hannu tun ban rufe baki ba:
Bakwai, Malam.

Bakwai.
In ana so sai in ƙirga su.
Akwai Ila direba, ya kai fasinja Zariya,
ya ce kafin azahar ya dawo, taya ta fashe masa a Jaji.
Akwai Iya Asabe, ta zo da sandarta,
ta yi layi har rana ta take tsaka,
gwiwa ta ƙi, jikanta ya mai da ita gida.
Akwai matan gidan Maikano su uku,
sun tafi suna a Kawo, shinkafa ba ta nuna da wuri ba.
Akwai Bitrus, sunansa ya ɓace a takarda,
aka ce ya duba makarantar gaba,
can ma aka ce ya koma inda ya fito.
Shida ke nan.

Na bakwan, Ladidi, kar ki tambaya.
Ga shi tsaye gabanki da alli a hannu.
Ranar wanki ya yi, ya ce duk kanwar ja ce,
ya kwanta ƙarƙashin fankar da ba wuta
yana jin hayaniya daga nesa kamar bikin wasu.

Daren Lahadi babura suka hana mu barci,
an ɗaga Barau a kafaɗa har hularsa ta faɗa kwata,
kwatar da ya ce zai yashe.
Lantana kuwa da sassafe ta buɗe shago,
ta sayar wa samarinsa maganin maƙogwaro,
muryarsu ta dushe wajen yi mata habaici.
Ta ba su canjinsu daidai.

Sai Tanimu daga bayan aji:
Malam, lalatattun nan fa, ɗaya ta babana ce.
Ya ce Barau ya gyara mana ƙofa bashi,
Lantana ta ba mu allura bashi,
shi ba zai iya haɗa ido da ɗayansu ba,
sai ya dangwala wa kowa.
Aji ya ɗauki dariya.
Ni ban yi ba, don shi ya je.

Da aka tashi na share allon tas,
bakwai ɗin kawai na bari a can kusurwa,
ƙarama, inda tsumman mai shara ba ya kaiwa.

Gobe zan bi ta garejin kansila.
Ba kwangila nake nema ba, ba kujera.
Zan yi masa murna, in ce ranka ya daɗe,
a ajina aka ƙirga ka,
kuma a ajina aka ɓalle sakata.
Ka zo da injinka.